Lemon Tsamin da Maigidana Bai Sare Ba

Da a ce na tashi daga gindin lemon tsamin nan ranar da maigidana ya zo da adda, da zai sare shi kuwa? Mako uku ke nan da muka binne shi, kuma da tambayar nan nake buɗe ido kowace safiya. Na yi wa fasto ita, ya ce wannan sai Ubangiji. Na yi wa ɗiyata, ta ce in bar wahalar da kaina. Mai amsar yana ƙarƙashin ƙasa, itacen kuma yana nan tsaye a bayan ɗakina da gyambonsa.

Ni ban yi makaranta ba. Ɗiyata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata inda Hausata ta karkace ta miƙe ta, domin da yarenmu C'lela na buɗe baki, Hausa a bariki na tsince ta. Amma kada ta rage mini magana, ko wadda ba ta yi mini kyau ba. Ina so jikokina su san wane ne kakansu, su kuma san abin da ni na yi.

Ranar jana'iza gidanmu na unguwar Rikoto a Zuru bai ɗauki mutane ba. Tsofaffin sojoji, abokan aikinsa, sun zo da hulunansu da suka koɗe, suka jera a bakin kabari suka sara masa. Ɗaya daga cikinsu hannun damansa ya shanye, sai ya tallafe shi da na hagu har ya kai goshi. Matan zumunta na cocinmu sun yi waƙa har muryoyinsu suka dushe. Wani Bafulatani da ya saba kawo shanunsa su kwana a gonarmu da rani don taki ya taho tun daga wajen Dirin Daji, ya tsuguna a ƙofar gida ya ce, "Inna, addininmu ba ɗaya ba, amma mutumin ga bai taɓa sallamata hannu wofi ba. Allah shi ba ki haƙuri."

Wata mata daga Danko, wadda ta taɓa zagin maigidana a gaban jama'a, ta shigo da kwandon lemon zaƙi a ka. Ta sauke a gabana, ta ɗauki ɗaya tana juya shi don in ga fatarsa sumul, babu ko ɗigo. Sai ta fashe da kuka.

Duk wanda ya yi mini gaisuwa ina lura da idonsa. Bakinsa na cewa "ya haƙuri," idon yana zamewa ta kan katanga zuwa ga lemon tsamin. Ba wanda ya ambace shi. Ƙanin maigidana kuwa bai zauna a tabarmar makoki ba sam. Ya tsaya a bakin shingen garka, hannu a baya, yana duban gabas, inda hadari ke fitowa.

Bari in faɗi wane ne maigidana.

Shekara bakwai ya yi yana golmo a gonar mahaifina, wato noman da saurayi ke yi wa surukai a wajenmu kafin a ba shi mata. Mahaifina ya ce a cikin samarin duka shi kaɗai ne idan garmarsa ta iso ɗan tsiron itace sai ya kewaye shi ya wuce. Sauran sharewa suke yi. Ya ce, "Wanda ke tausayin abin da bai iya kuka ba, zai riƙe mini ɗiya."

Bayan aure ya shiga soja, na bi shi bariki zuwa bariki. A can kudu ya koyi yi wa lemo aure a hannun wani tsohon mai lambu. Ana yanko ido daga itace mai kyawun 'ya'ya, a tsaga ɓawon ƙaramin dashe a cusa shi, a ɗaure da leda. Ya sayi wata 'yar wuƙa mai naɗewa don wannan aiki, ba ta barin aljihunsa ko a coci.

Da ya ajiye kaki muka dawo Zuru, ya shinge filin bayan gida ya mai da shi garkar lemo. Kowace safiya sai ya bi layi-layi yana duba itatuwan, ya ce fareti yake yi. In ya ga wanda ya sunkuya sai ya ce masa, "Kai kurtu, tsaya daidai." Ni kuwa tsohuwa yake ce mini tun ina da baƙin gashi.

Yana da wata magana da kowa ya sani: "Baƙon da ya ci tuwona zai manta kafin ya kai gida. Wanda ya tafi da dashe zai tuna da ni har jikokinsa." Don haka ba a fita gidanmu ba tare da dashen lemo a leda ba. Mai gaisuwa, mai neman hanya, mai kawo ƙarar ɗan'uwansa, kowa da nasa. Da damina, lokacin da ɓawo ke ɗagawa cikin sauƙi, yana bin gidajen mutane yana yi wa lemonsu aure kyauta, ko ana yayyafi. Fasto ya taɓa cewa a kan bagade Saje, wato maigidana, ya fi shi ɗaura aure a garin nan, kuma nasa ba a dawo da ƙara.

Lemon tsamin da nake magana a kai ya girmi garkar nesa. Ranar da cibiyar ɗanmu na fari ta faɗi, maigidana yana hutu a gida. Ya haƙa rami a bayan ɗaki ya binne ta, ya ɗora irin lemon tsami a kai. Yaro da itace suka tashi tare. Yaron ya girma ya bi sawun ubansa, aka tura su wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma. Takarda ce ta dawo mana, da jakarsa. Gawa ba ta zo ba. Ba mu da kabarin da za mu nuna. Sauran mata suna zuwa maƙabarta su share na 'ya'yansu, ni gindin lemon nan nake sharewa. A nan nake gaya masa wa ya haihu, wa ya rasu.

Cutar lemon ta zo a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zuru. Wani mai mota ya kawo dashe daga nesa, ya ce irin lemon nan ne da in an yanka ba a samun 'ya'ya da yawa a ciki. Maigidana ya karɓi guda biyar yana murna, ya dasa a tsakiyar garka, ya yanki idanu daga jikinsu ya yi ta aure. Da damina ta yi nisa muka fara ganin ɗigo-ɗigo a ganye, ruwan ƙasa, sun tasa kamar ƙuraje, in ka shafa da kaushi, kowanne da zoben rawaya kewaye da shi. Daga ganye suka hau rassa, suka hau 'ya'ya. Ganye ya yi ta zuba, lemo na faɗuwa bai nuna ba. Wanda ya tsira na kai kasuwa, mata suka ce ba su sayen lemo mai ƙazuwa. Ni na ce bakin mutane ne, na barbaɗa toka. Shi ya ce ƙwari ne, ya fesa maganin ƙwari. Duk a banza.

Daga baya ya kira malamin gona. Mutumin ya zo a babur, ya tsinki ganye ya ƙulle a leda, ya ce zai aika a duba. Bayan makonni ya dawo, ya ƙi zama a kujerar da na ba shi. Ya ce wata ƙwayar cuta ce mai rai, ƙanƙanuwa har ido ba ya ganinta. Ya faɗi sunanta, bakina bai iya ɗauka ba, mu dai gyambon lemo muka sa mata. Ya ce a cikin ƙurajen nan take zaune. Idan ruwa ya jiƙa su sai ta tsatso waje, iska mai ruwa ta watsa ta zuwa itace na gaba, ta shiga ta ƙofofin ganye, ko ta inda ƙaya ta karce, ko ta hanyar tsutsar nan da ke zane a cikin ganye. Ya ce ba ta cutar da mutum, ana iya shan lemon. Amma itacen da ta kama ba shi da magani, kuma lemon tsami ta fi so.

Sai ya ce, "Baba, da wace wuƙa kake aure?"

Maigidana ya zaro ta ya nuna masa.

"Kana wanke ta tsakanin itace da itace?"

"Ina goge ta a wando."

"Da damina kake yi, ganye a jiƙe?"

"In ba da damina ba, yaushe ɓawo zai ɗaga?"

Malamin gona ya ce, "Baba, wa da wa ka ba dashe cikin shekara biyun nan?"

Na ga maigidana ya karɓi takardar mutuwar ɗansa a tsaye. Amma ranar nan sai da ya nemi bango ya jingina. Ya ce, "Ɗana, tambaye ni wanda ban ba ba."

Kwana biyu bai ci abinci ba. A na uku ya wasa adda. Ya jira ruwa ya ɗauke sarai, domin an ce kada a taɓa itacen yana jiƙe. Ya fara da nasa. Ya sare garkar nan layi-layi, yadda yake bin ta da safe, ya tara ya cinna wuta a wurin, bai bari an fitar da ko kara ɗaya don girki ba. Ƙanshin ganyen lemo da ke ƙonewa ya cika Rikoto.

Sannan ya shiga bin gidaje, da adda, da kwalbar ruwan bilic irin na wanke fararen kaya, yana wanke addar da hannuwansa bayan kowane itace. Inda keke ya kai ya je da keke, inda bai kai ba ya hau mota. Wasu suka yarda, wasu suka kore shi. Matar nan ta Danko ta tare ƙofa ta tara masa maƙwabta, ta ce, "Tsohon banza, kai ka ba ni da hannunka, yau da ya fara 'ya'ya ka zo ka kashe?" Ya cire hula ya ce, "Ɗiyata, cuta na ba ki ban sani ba. Kayana na zo in karɓa. In Allah ya bar ni da rai zan kawo miki mai lafiya." Sau uku yana komawa kafin ta kauce masa. Ya kuwa cika alkawari. Ya samo iri mai tsabta ta hannun malamin gona, ya yi reno a gonar ƙaninsa, ya mayar wa kowa nasa bayan wurin ya huta damina biyu. Lemon da ta kawo ranar jana'iza na wannan dashen ne.

Ƙaninsa shi ya fara ba shi haɗin kai. Garkarsa tana yamma da tamu, shinge ɗaya ya raba. Ya ce, "Yaya, in ka ce a sare, a sare." Mutum ne mai wasa, tun ina amarya yake ce mini matata, yana cewa in tsohon nan ya gaji shi zai gaje ni. Ya sare nasa duka a yini ɗaya.

Saura itace ɗaya a unguwar, na bayan ɗakina. Shi ma ya kamu.

Da hantsi ne. Ina tankaɗe na ji ƙarar dutsen wasa adda, na san inda za ta. Na ajiye rariya na riga shi zuwa, na zauna a gindin itacen na jingina, ƙayoyi na sukar bayana. Ya zo ya tsaya a kaina.

"Tsohuwa, tashi."

"Sai ka fara da ni."

"Itace ne fa. Kin ga na sare na marayu, na sare na gwauraye. Da wane ido zan dubi mutane?"

Na ce, "Nuna mini kabarinsa, in tashi."

Ya daɗe a tsaye. Ban ɗaga kai na dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa kawai nake gani, shi ya sa har yau ban san abin da ke cikinta ba. Can sai na ga addar ta sauko a hankali, ya juya ya tafi. Bai sake yi mini maganar ba.

Washegari ƙaninsa ya shigo ko sallama babu. "Yaya, ka sa na kashe nawa, naka yana tsaye?"

"Yana tsaye."

"Iska daga gabas take zuwa. Ta bi ta kan naka ta sauka a kan wa?"

"A kanka. Zan tsare."

"Za ka tsare iska? Saje kake, ba Allah ba."

Ina cikin ɗaki ina ji. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa, ya ce matata ce ta hana. Bai faɗa ba, ranar ko bayanta. Gari ya ɗauka son kai ne, wasu a coci suka daina zama kusa da shi. Ƙaninsa dai ya gane ni ce na hana. Tun daga ranar bai ƙara ce mini matata ba. Sai ya ce "ina kwana, uwargida," ya wuce.

Shekara shida maigidana ya yi yana gadin itacen nan kamar fursuna. Da rani ya bi reshe-reshe ya yanke duk mai gyambo ya ƙone, ya share busassun ganye ya ƙone. Ya dasa layin dogon yaro ta gabas don ya karya iska, ya dasa wani tsakaninmu da ƙaninsa. Da damina, duk bayan 'yan makonni, ya goya famfon feshi ya fesa wani magani shuɗi da aka ce akwai jan ƙarfe a cikinsa, musamman in sabon ganye ya fito. Malamin gona ya gaya masa gaskiya, ya ce maganin yana tare ƙwayar a bakin ƙofa ne, ba ya fitar da wadda ta riga ta shiga. Ya kafa mini doka: ba taɓa itacen in yana jiƙe, ba zuwa garkar kowa da zanen da na zauna da shi a can, ba ba wa kowa lemonsa ya fita da shi. Har kwano da sabulu ya ajiye mini a bakin hanyar. In na manta sai ya ce, "Ke kurtu, koma ki wanke hannu."

Amma kowace safiya sai ya tsinko lemo ɗaya mai ƙurajen nan ya yanka ya matse mini a kunu. Ya ce, "Sha, cikinsa lafiya lau. Fatar ce kawai ta lalace, kamar ni da ke."

Kowace damina gyambon na dawowa. A shekara ta huɗu aka yi wata iska mai ruwa da ta kwashe rufin gidaje. Bayan makonni ɗigon ya bayyana a kan sababbin lemon ƙaninsa guda uku, na bakin shinge, waɗanda suka fara fure. Maigidana ya tsallaka da addarsa ya sare su da kansa. Ƙaninsa na tsaye yana kallo. Ni ina leƙe ta shinge. Na san daga ina cutar ta fito. Na san in na buɗe baki na ce a sare, komai ya ƙare. Na koma ɗaki na yi shiru. Rubuta wannan yadda na faɗa, ɗiyata, kada ki sassauta.

Bana da bazara ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. An kai shi asibiti an dawo da shi. Wata rana na same shi ya goya famfon feshi babu ko ruwa a ciki, yana gwada ko zai iya miƙewa da shi. Ya kasa. Ya dube ni ya yi ɗan murmushi ya ce, "An yi wa Saje ritaya ta biyu."

Yanzu babu mai feshi, babu mai yankan reshe. Garkar ƙaninsa ta cika da fure, a can kuma ake renon dashen da unguwa ke jira. Jiya na ga hadari ya leƙo ta kan duwatsu ya koma. Ɗiyata ta ce in cire iri daga cikin lemon in shuka, an ce ƙwayar ba ta bin iri. Na ce zai tsiro, amma wurin nan sai ya huta damina biyu babu lemo, ni kuma damina nawa ta rage mini? In na shuka a wani wuri, ba a kan cibiyarsa ba ne.

Duk da haka jiya na aika aka kira mini ƙanin maigidana. Ya zo ya tsuguna daga nesa. Na ce, "Gobe da safe, tun raɓa ta bushe, ka zo. Ni zan yi sara na farko, kai ka ƙarasa, mu ƙone a wurin." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Matata, hannun nan naki zai iya ɗaga adda kuwa?" Shekara shida rabon da in ji sunan nan.

Ba don na yi jarumta na yarda ba. Umarni aka ba ni. A safiyar da zai tafi ya ce a fitar da shi waje, muka shimfiɗa masa tabarma a gindin lemon, wurin da na zauna ranar nan. Ya kwanta yana kallon rassa. Na kawo kunu, ya girgiza kai. Ɗiyata ta tafi kiran fasto, muka rage mu biyu. Ya lalubi hannuna, na sunkuya don in ji, domin muryar ta yi ƙasa. Ya ce:

"Tsohuwa, addar tana bayan ƙofa, na wasa ta na wanke. Shekara shida kin tsare shi, ni ma na sha inuwa. Yanzu ki sallami yaron nan, kada ruwan farko ya same shi a tsaye. Ni zan je in gaya masa kin yi iyakar ƙoƙarinki."